Yadda ake share mataccen kod a gwaje-gwajen kanel ɗin Linux ba tare da an kashe gwajin ba

A cikin tushen kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urar, akwai folda mai suna tools/testing/selftests. Nan ake ajiye ƙananan manhajojin da ake gwada kanel da su, waɗanda aka fi sani da kselftest, kuma Shuah Khan ce ke kula da ginshiƙin tsarin. Kowane sashe da foldarsa: mm ta memori, net ta sadarwa, ga bpf, ga kvm, ga timers, ga seccomp, da sauransu da dama. Hannaye da yawa sun bi ta kan waɗannan fayiloli tsawon shekaru, don haka ba wuya ka buɗe ɗaya ka tarar da bariyabul da aka ayyana ba a sake taɓa shi ba, ko fankishin da babu mai kiransa, ko makiron da ya rage daga wani tsohon fasali. Share su aiki ne mai amfani, kuma da shi mutane da yawa ke fara aika facinsu na farko zuwa kanel, wato gyaran kod da ake turawa a duba a karɓa.

Ina son wannan aiki, amma ina tsoron yadda ake ɗaukarsa da sauƙi. A manhaja ta yau da kullum, idan ka cire abin da ake buƙata, nan take za ta tsaya ko ta yi shirme, ka gane ka yi ɓarna. Gwaji ba haka yake ba. Kana iya cire masa abin da yake gwadawa ɗungurungum, ya ci gaba da buga "ok" kullum, kowa na ganin lafiya lau, alhali ya daina duba komai. Saboda haka duk layin da kompaila, manhajar da ke mayar da kod zuwa umarnin inji, ta nuna maka cewa ba a amfani da shi, ka fara tambayar dalilin da ya sa yake wurin kafin ka kai hannu gare shi.

Fara da folda ɗaya tak. Kada ka ce za ka tsefe selftests gaba ɗaya a zama guda, don kowace folda da masu kula da ita da kuma ɗabi'unta. Kafin ka canza ko harafi ɗaya, gina gwajin ka gudanar da shi, ka adana sakamakon:

    make headers
    make -C tools/testing/selftests TARGETS=mm
    sudo make -C tools/testing/selftests TARGETS=mm run_tests > kafin.txt 2>&1

Umarnin farko yana fitar da hedojin kanel ɗin da ke hannunka, wato fayilolin .h, domin gwajin ya ginu a kansu maimakon tsofaffin da ke cikin kwamfutarka. Shi kuwa na uku, ina ba ka shawara ka yi shi a cikin kwamfutar kwaikwayo, ta QEMU ko virtme-ng. Gwaje-gwaje da yawa suna buƙatar ikon root, wato cikakken iko a kan injin, wasu suna taɓa saitin manyan shafukan memori, wasu ma suna kashe firosesa su sake kunnawa. Ba a kan injin da kake aikinka na kullum ake yin irin wannan ba. Sakamakon yana fitowa a tsarin TAP: layi mai nuna adadin gwajin da aka shirya, kamar 1..12, sai kowane gwaji ya zo da "ok" ko "not ok", wanda aka tsallake kuma a liƙa masa SKIP. Ajiye kafin.txt da kyau, da shi za ka auna duk abin da zai biyo baya. Ka kuma kwafe ginannun fayilolin zuwa wata folda daban, za mu dawo kansu.

Yanzu sai a sa kompaila ta yi magana. Kowace folda tana da CFLAGS nata, wato tutocin da ake ba kompaila, a Makefile, wasu sun kunna -Wall, wasu ba su kunna ba. Kada ka rubuta CFLAGS= a layin umarni, domin hakan yana shafe duk abin da Makefile ya tara, har da hanyoyin hedoji, sai ginin ya rushe ka rasa dalili. Fayil ɗin lib.mk ya tanadi USERCFLAGS don wannan buƙata:

    make -C tools/testing/selftests/mm clean
    make -C tools/testing/selftests TARGETS=mm USERCFLAGS="-Wall -Wunused-macros -Wmissing-prototypes"

Wannan clean ɗin wajibi ne. Make ba ya sake gina fayil don kawai ka canza tutoci, idan ka tsallake shi ba za ka ga gargaɗi ko ɗaya ba. A cikin -Wall akwai -Wunused-variable, da -Wunused-function, da -Wunused-but-set-variable, wato bariyabul da aka zuba wa ƙima amma ba a taɓa karanta ta ba. Shi -Wunused-macros sai ka kira shi da kanka, kuma yana duba makiron da aka ayyana a cikin fayil ɗin .c ne kawai, ba ya leƙa hedoji. Sai ka maimaita ginin da kompailar Clang maimakon GCC ta hanyar ƙara LLVM=1, don idon kompailolin biyu ba ɗaya ba ne. Clang tana ƙorafi a kan static inline da ba a kira ba a cikin fayil ɗin .c, GCC kuwa shiru take yi. Clang ce kuma ke da -Wunreachable-code mai aiki, na GCC an daɗe da cire masa aikinsa, suna kawai ya rage.

Ban cika kunna -Wunused-parameter ba. Hayaniyarsa ta fi amfaninsa yawa a nan, domin mai karɓar sigina dole ya zo da sig da info da ctx ko yana buƙatarsu ko ba ya buƙata, haka ma fankishin da ake miƙa wa pthread_create. Tsarin kiransu ne ya tilasta hakan, babu abin sharewa.

Akwai abubuwa biyu da kompaila ba za ta faɗa maka ba. Na farko, fankishin da ba static ba. Ita a wurinta wataƙila wani fayil daban yana kiransa, don haka ba ta ce komai. Dalilin da ya sa na ƙara -Wmissing-prototypes kenan a sama: yana tono waɗanda ya kamata a ce static ne, kuma da zarar ka mayar da su static na ɗan lokaci, matattun cikinsu za su bayyana. Kana iya kuma gina da -ffunction-sections, ka ba linka, mai haɗa guntayen manhajar wuri guda, --gc-sections da --print-gc-sections ta USERLDFLAGS, ta lissafa maka duk abin da ta yar. Sai dai ka lura, fayil ɗin taimako irin vm_util.c ana haɗa shi da manhajoji da yawa, abin da wannan ta yar wata tana amfani da shi. Na biyu, ƙimar da aka zuba aka sake zuba wata a kanta kafin a karanta. Muddin an karanta bariyabul ɗin ko sau ɗaya a wani wuri, -Wunused-but-set-variable ba zai motsa ba. Irin wannan sai scan-build na Clang ko cppcheck ke kamawa.

To, ka samu jerin waɗanda ake zargi. Daga nan ne aikin gaske yake farawa, kuma a nan nake so ka daɗe. Ɗauki suna ɗaya ka neme shi a tushen kanel gaba ɗaya, ba a foldarka kaɗai ba:

    git grep -nw sunan_abin
    git log -S sunan_abin --oneline -- tools/testing/selftests/

Umarni na biyu yana nuna maka kowane komit, wato canjin da aka adana a tarihin git, da ya ƙara ko ya rage adadin bayyanar sunan. Daga nan za ka ga ranar da aka kawo shi da ranar da mai kiransa na ƙarshe ya tafi. Ka ba shi foldar selftests baki ɗaya kamar yadda na rubuta, saboda ana canza wa foldoji suna. Ita kanta mm, vm ake kiranta har zuwa Linux 6.3 a 2023, wanda ya taƙaita bincikensa a mm kaɗai zai ga kamar tarihin daga nan ya fara. Ka buɗe komit ɗin da git show ka karanta bayanin da marubucinsa ya yi. Sau tari amsar tana nan a rubuce.

Idan tarihi ya nuna an cire mai kiran da gangan, an manta da abin da yake kira, ko kuma tun farko kwafowa aka yi daga wani gwaji ba a taɓa amfani da shi ba, wannan mataccen kod ne na gaskiya. Share shi, ka sake ginawa, don cire ɗaya yakan tona wani a bayansa: ka cire fankishin, sai makiron da shi kaɗai ke amfani da shi ya zama maraya.

Amma duba wannan misali, irinsa yana da yawa:

    ret = madvise(addr, len, MADV_DONTNEED);
    ksft_test_result_pass("madvise\n");

Kompaila za ta ce an zuba wa ret ƙima ba a yi amfani da ita ba. Mai gaggawa zai goge "ret =" da ayyanawarsa, gargaɗi ya ɓace, ya aika faci. Ka sake karanta layukan biyu a hankali. Gwajin yana shelar nasara ko madvise ya yi aiki ko ya gaza. Wanda ya rubuta ya yi niyyar duba ret, ya manta, kuma wannan gargaɗin shi ne shaida ɗaya tilo da ta rage cewa akwai giɓi. Idan ka goge shi ka binne shaidar. Gyaran da ya dace shi ne:

    ret = madvise(addr, len, MADV_DONTNEED);
    ksft_test_result(ret == 0, "madvise\n");

Wannan ya tashi daga shara ya koma gyaran kuskure, kuma ya fi sharar daraja nesa ba kusa ba. Wani lokaci bayan ka ƙara dubawar sai gwajin ya fara faɗuwa. Kada ka janye. Ko dai gwajin yana kiran kanel ba daidai ba tun fil azal, ko kuwa kanel ɗin ne ke da matsala, kuma ko wanne ne masu kula da sashen suna son su sani. Haka abin yake ga fankishin ɗin gwaji cikakke da ba a kira a main() ba, ko fayil ɗin .c ko .sh da ke zaune a folda amma babu sunansa a TEST_GEN_PROGS ko TEST_PROGS na Makefile. Kafin ka ce ya mutu, gwada haɗa shi ka gani. Mai yiwuwa gwaji ne mai kyau da ba a taɓa ba shi damar gudana ba.

Sai kuma kod ɗin da ke da rai, amma ta hanyar da kayan bincike ba sa gani. A gwaje-gwajen memori za ka yawaita ganin layi kamar haka:

    tmp = *(volatile char *)addr;

Babu mai karanta tmp, gaskiya ne. Ba ƙimar ake so ba, taɓa adireshin ake so, domin taɓawar ce ke tilasta wa kanel ya kawo shafin cikin memori, kuma abin da ake gwadawa kenan. Goge layin, gwajin zai riƙa auna shafin da ba a taɓa shigo da shi ba. Garin neman gira an rasa ido. Idan gargaɗin ne ya dame ka, cire tmp ka bar karatun, ka sa gajeren sharhi a kansa don mai zuwa bayanka.

A foldar bpf, ta ƙananan manhajojin BPF da ake gudanarwa a cikin kanel, lamarin ya fi haka yawa. Fankishin da aka yi wa alamar SEC() babu wanda ke kiransa a C, libbpf ce ke loda shi cikin kanel. Bariyabul na gama-gari a manhajar BPF kuwa ta ɓangaren mai amfani ake karanta shi, ta skel->bss ko skel->data, a wani fayil daban. Gwaje-gwajen da ke prog_tests ma ba za ka ga inda aka kira su da hannu ba, domin daga sunayen fankishin ɗin da ke cikin fayilolin ake samar da jerinsu lokacin gini. Waɗanda aka rubuta da kselftest_harness.h, masu TEST() da TEST_F(), su ke yi wa kansu rajista kafin main() ya fara. A kvm da x86 da arm64 da powerpc akwai fankishin da daga fayil ɗin asambuli .S ake kiransu. Akwai waɗanda aka yi su fanko da gangan, aka hana kompaila narkar da su, don kawai a samu wurin da za a maƙala uprobe, wato maƙalar bibiyar gudanar manhaja. Akwai kuma sunayen da makiro ke ƙerawa ta hanyar manna guntaye biyu da ##, waɗanda git grep ba zai taɓa samun cikakken sunansu ba, sai ka nemi rabin sunan.

Ka kula da #ifdef sosai. Bariyabul da ba shi da amfani a x86 ɗinka yana iya zama ginshiƙi a cikin reshen __aarch64__ ko __s390x__ da kompailarka ta tsallake. A nan ba sharewa ake yi ba, matsar da ayyanawar ake yi zuwa cikin reshen da ke buƙatarta, ko a yi mata alamar __attribute__((unused)). Idan fayil yana da irin waɗannan rassa, gina shi don wani nau'in firosesa kafin ka yanke hukunci:

    make ARCH=arm64 CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu- headers
    make -C tools/testing/selftests ARCH=arm64 CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu- TARGETS=mm

Haka nan filin da ba a taɓawa a cikin struct da ke kwaikwayon wanda kanel ke karɓa: girmansa da wurinsa su ne aikinsa, cire shi yana gusar da duk filayen da ke bayansa. Kuma ka tuna ana gudanar da selftests na sabon kanel a kan tsofaffin kanel masu dogon tallafi. Reshen da ke kama ENOSYS ko EINVAL ya fita da KSFT_SKIP, wato lamba 4, ba zai taɓa gudana a injinka ba, amma a wurin wani shi ne ke raba "babu wannan fasali a nan" da "kanel ya lalace".

Game da layukan #include, ni ra'ayina a bar su sai in babu shakka ko kaɗan. Kana iya cire heda ginin ya tafi lafiya, don kawai glibc, laburaren C da kake gini da shi, ta shigo da ita ta bayan gida ta wata hedar. Wanda ke gini da wani laburaren C, kamar musl ko bionic na Android, sai ya wayi gari abu ya karye. Ƙa'idar ita ce, idan fayil yana amfani da ko suna ɗaya daga hedar, ta zauna.

Idan gwaji guda ka cire gaba ɗaya, bi sawunsa har ƙarshe: sunansa a Makefile, a .gitignore, zaɓin da shi kaɗai ke buƙata a fayil ɗin config, da lambar da aka ba ksft_set_plan(). Idan ka manta ta ƙarshen, za a buga maka cewa adadin da aka shirya bai zo daidai da wanda aka gudanar ba.

Tabbatarwa tana da mataki biyu. Sake gudanar da gwajin zuwa bayan.txt, ka kwatanta da kafin.txt ta diff. Adadin ok, da not ok, da SKIP, duk su zo daidai. Gwajin da ya koma SKIP daga ok alama ce ta ɓarna, ko da ba a kira ta faɗuwa ba. Sai dai daidaiton sakamako bai isa hujja ba, tunda gwajin da aka kashe ma "ok" yake cewa. Hujja mai ƙarfi tana cikin ginannen fayil. Ɗauko kwafin da ka ajiye, ka tabbata da tutoci iri ɗaya aka gina su biyun, ka warware kowanne da objdump -d, ka kwatanta. Idan bariyabul ko makiro marar amfani ka cire da gaske, galibi umarnin injin ba zai canza ba. Wani ɗan bambanci da zai iya ruɗa ka: makirorin ASSERT da EXPECT suna cusa lambar layi ta __LINE__ a cikin saƙonsu, don haka cire layi ɗaya a sama zai sa ka ga lambobi sun ragu da ɗaya a wurare da yawa, 213 ta koma 212. Wannan ba komai. Amma idan ka ga umarnin karanta memori ko kiran wani fankishin ya ɓace daga wurin da ke gudana, tsaya, ka koma baya.

Wajen rubuta facin, abu ɗaya a faci ɗaya. Kada ka gauraya shara da gyaran tazara, kada kuma ka haɗa foldoji biyu, domin hanyarsu daban take: na mm ta hannun Andrew Morton suke bi, na net ta masu kula da sadarwa, na bpf da kvm kowanne ta nasa. Dubi git log --oneline na foldar ka kwaikwayi yadda suke fara kanun saƙo, galibi "selftests/mm:" ne sai gajeren bayani. A jikin saƙon, da Turanci ake rubutawa, kada ka tsaya a "ba a amfani da shi". Faɗi tun yaushe, ka ambaci komit ɗin da ya cire mai kiran na ƙarshe da haruffa 12 na farkon lambarsa da kanunsa, ka faɗi yadda ka gano da yadda ka tabbatar. Mai dubawa da ya ga wannan ba sai ya sake yin binciken da ka riga ka yi ba. Alamar Fixes: ta gyaran kuskure ce, kamar dubawar da aka manta ko ginin da ya karye. Shara zalla ba ta cika buƙatarta ba, kuma sa ta babu dalili yana iya jan facin zuwa tsofaffin kanel inda wataƙila har yanzu ana amfani da abin da ka cire.

    git commit -s
    git format-patch -1
    ./scripts/checkpatch.pl 0001-*.patch
    ./scripts/get_maintainer.pl 0001-*.patch

Tutar -s ce ke sa layin Signed-off-by, ba a karɓar faci sai da shi. Umarnin ƙarshe zai ba ka sunayen waɗanda za ka aika wa, ka ƙara da wanda ya rubuta kod ɗin tun asali idan bai fito ba, don shi ya fi kowa sanin ko mantuwa ce ko niyya. Ka aika da git send-email ko b4, saboda manhajojin imel na yau da kullum suna lalata tazarar layuka. Ka sani kuma masu kula da sashen sadarwa sun rubuta a takardunsu cewa ba sa maraba da facin shara zalla da bai zo cikin wani aiki ba, kuma suna rufe net-next, reshen da suke tara sabbin canje-canje, a makonni biyun da ake haɗa sabbin abubuwa a farkon kowane zagaye. A can, facin da ke dawo da dubawar da ta ɓace ya fi samun shiga. Bayan ka aika, ba su aƙalla mako guda kafin ka tuntuɓa. Idan aka nemi gyara, fitar da sabon zubi da git format-patch -v2, ka rubuta abin da ya canza a ƙarƙashin layin --- domin kada ya shiga tarihin komit ɗin.